Taragon awo: yadda ake auna ƙarfin kan jirgin ƙasa yana cikin tafiya

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a fannin injiniyan kanikanci a Kaduna. Na kalli bidiyon wani jirgin tururi na Ingila mai suna Mallard, wanda aka ce har yau babu jirgin tururin da ya kamo shi a gudu. Na lura a bayan kan jirgin akwai wani tsohon tarago da bai yi kama da sauran ba, aka ce shi ne ya auna gudun da ƙarfin. Don Allah yaya ake ƙera irin wannan tarago, me ke cikinsa, kuma za a iya ɗaukar tsohon taragon fasinja a nan gida a mayar da shi haka?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara basira. Na ji daɗi da idonka ya wuce kan jirgin ya sauka a kan taragon da ke bayansa, domin yawancin masu kallo ba sa ko lura da shi. Idan na fahimce ka, kana son sanin ta yaya tarago zai auna ƙarfin injin da ke jan sa alhali duka biyun suna gudu, sannan ko aikin ya fi ƙarfinmu a nan.

Sunansa taragon dainamomita, amma ni taragon awo nake ce masa. Ka ɗauke shi a matsayin sikeli mai ƙafafu. Ka san sikelin ratayawa na mahauta da masu sayen hatsi: ƙugiya a ƙasa, sifirin a ciki, allura tana nuna nauyi. To, kwantar da wannan sikeli, ka maƙala bakinsa ɗaya a bayan kan jirgi, ɗaya bakin kuma a jikin taragai. Abin da allura ta nuna shi ne ƙarfin da kan jirgin yake jan kayansa da shi. Duk sauran abin da ke cikin taragon hidima yake yi wa wannan awo guda.

Me ya sa ake wahalar? Saboda mai ƙera inji zai rubuta maka ƙarfinsa a takarda, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Kamfanin jirgi yana bukatar sanin tan nawa wannan kai zai ja a wannan hawa, kwal ko man dizal nawa zai ci, kuma in an sauya masa wani abu a gareji, gyara aka yi ko ɓarna. Tun 1838 zuwa 1839 Charles Babbage, mutumin nan da ake ambata a tarihin kwamfuta, ya karɓi tarago daga kamfanin Great Western Railway ya cika shi da alƙaluma masu zane a kan doguwar takarda. Kimanin shekara goma bayan haka injiniya Daniel Gooch ya gina wa kamfanin taragon awo sosai. Wanda ka gani kuwa na kamfanin North Eastern Railway ne, an gina shi a 1906. Shi ya bi wani kan jirgin tururi mai suna Flying Scotsman ranar da ya kai mil 100 a awa a 1934, shi ne kuma a bayan Mallard ranar 3 ga Yuli 1938 da aka rubuta mil 126, wato kimanin kilomita 203 a awa. Yanzu yana gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York.

Hanyar da ƙarfi zai bi

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan nake son ka fi tsayawa. A taragon yau da kullum, ƙugiyar gaba a ɗaure take da shasi. Kan jirgi ya ja ƙugiya, ƙugiya ta ja shasi, shasi ya ja na baya. A taragon awo ana raba ƙugiyar gaba da shasi. Ana haɗa ta da doguwar sandar ƙarfe da ke ratsawa ta ƙarƙashin daɓe har zuwa tsakiyar tarago, inda ma'aunin yake, ma'aunin ne kuma kaɗai yake riƙe da shasi. Dokar ita ce: kada ko kilo ɗaya na ƙarfin ya sami wata hanyar wucewa in ba ta cikin ma'auni ba.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Sandar tana da nauyi, dole wani abu ya tallafe ta, kuma duk abin da ya tallafe ta zai goge ta. Duk gugar da aka yi, ƙarfi ne ya zurare cikin shasi ba tare da an ƙirga shi ba. Shi ya sa ake ɗora sandar a kan rola masu boris, ana kuma tsare ta kada ta karkata idan jirgi ya shiga kwana. A jiragen Turai masu faranti biyu na tokare juna a gefen ƙugiya, matsalar ta ninku: idan aka ɗaure ƙugiya tamau, farantan suna turawa baya yayin da ƙugiya take ja gaba, sai ma'auni ya ƙirga har da matsin ɗaurin. Maganin da aka samo shi ne a ɗora farantan da ƙugiyar a kan firam ɗaya mai zamewa, ta yadda turawa da ja za su cinye juna kafin su iso ma'auni.

Na taɓa ɗanɗana wannan da hannuna. Muna gwada wata sandar awo a gareji, muna matsa ta da jak ta cikin wani ma'auni na daban da muka amince da shi. A hawa, daga sifili zuwa tan ashirin, lambobin biyu suna tafiya tare. A saukowa sai tamu ta riƙa maƙalewa a sama, har bayan mun saki jak gaba ɗaya ba ta koma sifili ba. Mun yini muna zargin waya da na'urar karatu. Da muka buɗe ƙasa sai muka tarar giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare a kan rola, ba sa juyawa, sandar gurzar su kawai take yi. Tun ranar ban ƙara amincewa da gwajin da aka yi a hawa kaɗai ba. Dole a hau a sauko, sau uku aƙalla, a ga ko layin biyu sun haɗu.

Shi kansa shasin sai ya fi na taragon fasinja ƙarfi nesa ba kusa ba, domin duk nauyin jirgin ta jikinsa yake ratsawa. In ya lanƙwashe ko kaɗan, teburin zane da ke sama zai motsa, alƙalami ya rubuta abin da bai faru ba.

Sifirin, mai, da waya

Ma'aunin kansa iri uku aka yi a tarihi. Na farko sifirin ne na faffaɗan ƙarfe, jere-jere kamar na babbar mota, sai dai an raba ganyayensa kada su gogi juna, saboda dalilin da na faɗa a sama. Irinsa ne a taragon York. Kyawunsa shi ne ba ya ɓoye komai: ja ya ninka, lanƙwasa ta ninka, kuma kowane makaniki zai iya duba shi da ido. Aibinsa nauyi, ga kuma rawa. Injin tururi mai silinda biyu yana bugu huɗu a kowane juyin ƙafa, saboda haka jansa fizga-fizga ne, ba sumul ba. In ba a sa masa abin kwantar da rawa ba, wato silindar mai irin aikin shokozoba, alƙalami zai cika takarda da baƙi ƙirin. In kuma aka kwantar da shi fiye da kima, sai a rasa fizgar gaske da ake son gani lokacin tashi ko taka birki.

Na biyu na mai ne. Sandar tana tura fistin a cikin silinda cike da mai, matsin man ya bi siririn bututu zuwa tebur, inda ƙaramin fistin da ƙaramin sifirin suke motsa alƙalami. Kamfanin Amsler na garin Schaffhausen a Suwizalan ya yi suna a wannan, ƙasashe da dama sun sayi kayansa. Dabararsu tana burge ni har yau: ba sa sa roba ko fata a jikin fistin don hana yoyo, domin roba guga ce. Sai su goge fistin da silinda su dace da juna sosai, su bar man ya ɗan tsiyaya, famfo yana mayar da shi. Sun yarda su yi asarar mai kaɗan don kada su yi asarar gaskiyar awo.

Na uku shi ne na zamaninmu, wanda ni ma da shi na yi aiki. A 1938, shekarar gudun Mallard, wasu Amurkawa biyu, Edward Simmons da Arthur Ruge, kowa a wurinsa, suka gano cewa idan aka manna siririyar waya a jikin ƙarfe, ƙarfen ya miƙe ko da ƙasa da kaurin gashi, turjiyar wayar ga lantarki tana sauyawa. Ana manna huɗu a jikin wuyan ƙugiya, a haɗa su yadda lanƙwasa da zafi za su soke juna, ja tsantsa ya rage. Da wannan, ƙugiyar kanta ta zama sikeli. Babu doguwar sanda, babu rola.

Teburin zane

Ƙarfin ja shi kaɗai rabin labari ne. Jaki ma yana ja, amma a wane gudu? Ƙarfin aiki shi ne ja sau gudu. Misali, jan tan 10, wato kusan kilonuton 98, a gudun kilomita 72 a awa, wanda shi ne mita 20 a daƙiƙa, ya ba ka kusan kilowat 1,960, ko ƙarfin doki 2,600 da 'yan kai. Saboda haka dole a auna tafiya da lokaci daidai yadda aka auna ja.

A tsofaffin taragai akwai wata ƙafa ta daban, marar birki, marar leɓen nan da ke hana ƙafa sauka daga diga, da ake saukarwa ta taɓa digar jirgi lokacin gwaji kawai. An san zagayenta sarai. Ita ke juya giya, giya ta ja nadin takarda a kan tebur, don haka tsawon takardar da ta wuce yana daidai da nisan da aka ci. Jirgi ya tsaya, takarda ta tsaya. A kanta alƙaluma suke jere: ɗaya a kafe yana zana layin sifili, ɗaya yana bin ja, ɗaya agogo ne ke buga shi yana ɗiga alamar daƙiƙoƙi, ɗaya kuma a hannun mutumin da ke zaune a taga yake, yana danna maɓalli duk sanda aka wuce alamar mil, tasha ko gada. Idan ɗigon agogo suka yi nisa da juna, gudu ya ƙaru ke nan. Akwai kuma wayar magana zuwa wurin direba, inda wani yake faɗo matsin tururi da yadda aka buɗe bawul, wani yana ƙirga kwal da ruwa.

Akwai wata ƙaramar na'ura a teburin da nake son kowane ɗalibi ya gani. Faifai ne da tafiyar jirgi ke juyawa, da ƙaramar taya da ke taka fuskarsa. Idan babu ja, tayar tana tsakiyar faifan, ba ta juyawa. Da ja ya ƙaru, sai sandar awo ta matsar da ita zuwa gefe, inda faifan ya fi sauri. Jimillar juyinta a ƙarshen tafiya ita ce ja sau nisa, wato aikin da injin ya yi. Lissafin intagireshan da ake koya muku a allo ne, aka yi shi da tagulla. Raba kwal ɗin da aka ƙona da wannan lamba, ka san injin da ke cin amanar aljihu.

Game da ƙafar awo, duba wannan. A ranar 11 ga Mayu 1936 wani kan jirgin Jamus mai lamba 05 002 ya kai kilomita 200.4 a awa, shi ma da taragon awo a bayansa. Tsakaninsa da Mallard kashi ɗaya da ɗigo cikin ɗari ne kawai. Ƙafar da ta cinye da kashi ɗaya cikin ɗari ba a gyara lissafinta ba ta isa ta kusa shafe wannan tazara. Ga shi kuma Mallard a wani gangare mai suna Stoke ya yi nasa, na Jamus a shimfiɗaɗɗiyar hanya, lambar 126 ɗin ma a ɗan gajeren wuri ta bayyana a takarda. Shi ya sa har yau masana suke komawa kan wannan nadin takarda suna muhawara, kuma da ba don taragon ba da babu ma abin da za a yi muhawarar a kai.

Lambar ƙugiya ba ita ce ƙarfin inji ba

Masu fara aikin nan sukan ɗauki abin da ƙugiya ta nuna su ce ga ƙarfin inji. A'a. Abin da ya rage ne bayan kan jirgin ya ja kansa. A hawan da ke tashi mita 1 cikin kowace 100, kowane tan yana neman jan kilo 10 don hawan kawai. Kai mai tan 100 ya cinye tan ɗaya ke nan kafin komai ya iso ƙugiya. In yana ƙara gudu, ya sake cin wani. Don haka ake gyara lambar a mayar da ita kamar a fili ake tafiya da gudu ɗaya, sannan a iya kwatanta gwajin yau da na jiya. Wasu taragai a Turai sun ɗauki lilo mai nauyi don wannan, saboda lilo yana karkata da hawa da ƙarin gudu a haɗe.

Lissafin nan shi ke nuna maka amfanin aikin. A fili, a ƙaramin gudu, tan ɗaya na tarago mai boris mai kyau bai fi neman kilo 2 zuwa 3 ba. Ɗauki kai mai tan 100 wanda duk ƙafafunsa ke ja. A busasshiyar diga zai iya riƙe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa kafin ƙafa ta fara sulɓi, tan 25 ke nan. A hawan 1 cikin 100 wannan zai ɗauki jirgi mai kusan tan 1,900 har da kan. A hawan 1 cikin 50 sai ya faɗo kusan 1,100. Misali ne na allo, amma ka ga yadda hawa ɗaya tak a doguwar hanya yake yanke wa dukan jirgi hukunci. Kilo 2 zuwa 3 ɗin nan ma ba daga sama aka samo su ba, daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne. Jami'ar Illinois a Amurka ta yi shekaru tana auna turjiyar taragan kaya da taragon awo tare da kamfanin Illinois Central, kuma ƙa'idar da wani injiniya mai suna Davis ya fitar a 1926, wadda ke raba turjiya gida uku, marar ruwa da gudu, mai tashi da gudu, da ta iska mai tashi da gudu sau gudu, har yau da ita ake fara lissafi.

Wata wahalar ita ce hanya ba ta tsayawa wuri ɗaya, hawa ne da gangare, inji ba ya samun natsuwa a gudu guda a auna shi. Jamusawa sun magance wannan da sa wani kan jirgi a bayan taragon awo, aikinsa turjiya kawai, yana ƙarawa yana ragewa don gudu ya tsaya cak. A Ingila kamfanin jiragen ƙasa na LMS ya ƙera taragai masu janareta a ƙafafu, suna ƙona wutar a matsayin birki. Wasu kuma suka kai injin ɗaki suka ɗora shi a kan rola, kamar tashar gwaji ta garin Rugby a Ingila da aka buɗe a 1948. Sai dai ɗaki ba ya da iska, ba ya da kwana, ba ya da raɓa a kan diga.

Za a iya yi a nan?

Za a iya, amma ba zan ba da shawarar a kwaikwayi na 1906 ba, kuma ina da dalilai. Kan jirgin dizal mai lantarki yana faɗa maka yawancin labarinsa ta wutar da janareta ke aika wa motocin ƙafafu, ana ma iya gwada shi a tsaye a gareji ta hanyar zuba wutar cikin abin ƙona ta. Abin da ya rage a nema a hanya shi ne riƙon ƙafa, turjiyar taragai, fizgar da ke bi ta ƙugiya, da yadda inji ke yi a zafin Afrilu ko a tudu irin na Jos inda iskar da inji ke shaƙa ta fi ƙaranci. Sannan layukanmu faɗi biyu ne: tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067, sabo irin na Abuja zuwa Kaduna 1,435. Tarago ɗaya ba zai hau duka biyun ba. Ƙugiyar awo da akwatin na'ura kuwa a bayan a-kori-kura za ka kai su duk inda ake bukata.

Idan duk da haka ana son tarago, don mutane su sami wurin zama da aiki, to tsohon taragon fasinja yana da haɗari biyu. Shasinsa ba don ya ɗauki jan jirgin kaya aka yi shi ba, sai an ƙarfafa ƙashin bayansa daga ƙugiya zuwa ƙugiya. Kuma ba shi da nauyi. Tarago marar nauyi tsakanin kai mai ƙarfi da kaya masu nauyi, a cikin kwana, ja zai iya fizge shi ciki, birki kuma zai iya tura shi waje. Dole a ƙara masa nauyi a ƙasa. Bayan haka sai na'urar ƙirga juyi a kan aksil ɗin da aka cire wa birki, GPS don a tabbatar da ita, ma'aunin karkata, ma'aunin iskar birki da na mai, janareta nasa na kansa, da rufin da zai hana ƙura da rana kai wa wayoyin awo. A duba sifili da ƙugiya a sake, da safe, da rana, da bayan an dawo, domin ƙarfen da aka saita da sanyin asuba ba shi ne na azahar ba.

Iyakata ita ce: aikina a kan ma'aunan waya da saita su yake, taragon tururi kuwa ban taɓa aiki a cikinsa yana gudu ba, a zane da rubutu na san shi. Kaurin ƙarfe da irin waldar da shasi ke bukata kuma ba abin da za a yanke daga nesa ba ne. Sai injiniyan tarago ya duba wanda ake magana a kai, hukumar jiragen ƙasa ta amince, kafin a sa mutum a ciki.

Kai kuma, tunda ɗalibi ne, kada ka jira tarago. Nemi ma'aunin waya mai ɗaukar tan ɗaya ko biyu, irin na sikelin ɗaga kaya, ka sa shi tsakanin tarakta da tirela a filin makaranta, da sarƙar kariya a sake a gefe ko da zai tsinke. Manna maganaɗisu a tayar tirela don ƙirga juyi, ka auna zagayen tayar da kayan a kai, ba a fanko ba. Saita ma'aunin da buhunan siminti, kilo 50 kowanne, kana ƙarawa ɗaya bayan ɗaya sannan kana ragewa. Daga nan ka ja tirelar a fili, ka ja ta a hawa, ka koma ta hanyar da ka zo don hawan da iska su soke kansu. In ka samu lambobin, turo mini su tare da takardar saitin, mu duba tare.